Baiti Talatin da Uku a Bayan Katanga

Litinin, 3 ga wata, ƙarfe goma sha ɗaya na safe

Godiya ta tabbata ga Allah da Ya sa na riga kowa isa ofis yau. Tun daga bakin ƙofar ɗakin na'urori na ji muryar saba ta sauya. Ga wanda zai buɗe littafin nan bayan raina: saba ita ce babbar na'urar da ke karɓa da aika imel na ma'aikatanmu ɗari da ashirin. Shekara goma sha shida ina kiwonta a wannan ɗaki mai sanyi, ni da kujerata mai karyayyen hannu da rigar sanyina da ke rataye a ƙusa, har na san nishinta kamar yadda uwa ta san kukan ɗanta. Yau haki take yi kamar jakin da aka labta wa kayan raƙumi. Ina dubawa na tarar wani maras tsoron Allah ya sami hanyar shiga, yana ta antaya wa duniya wasiƙun damfara da sunan ma'aikatarmu.

Ban yi wata-wata ba. Na nufi katangar tsaro, wadda 'yan sana'armu ke kira fayawol, na kafa doka mai layi uku: duk wasiƙar da ta nufi waje ta ƙofa ta 25, ko ta 465, ko ta 587, a tare ta. Mai shigowa ta shigo, mai fita ta tsaya a layi. A gefen dokar na rubuta “na wucin gadi”, kamar yadda na saba. Ɗabi'ar saba ce in wasiƙa ta kwana biyar a layi ta mayar wa mai ita. Don kada wasiƙun bayin Allah na gaskiya su dawo musu, na tsawaita wa'adin zuwa kwana talatin.

Na tsare rafi ba da tubali ba,
Na rufe ƙofa ba da makulli ba.

Injiniya, abokiyar aikina ta shekara tara, ta leƙo ta ce, “Malam Baiti, ajiye waƙa tukuna. Ka rufe ƙofa, amma ɓarawon yana cikin ɗaki.” Gaskiya ta faɗa. Da rana zan nemo shi.

Litinin, ƙarfe shida na yamma

Ban nemi ɓarawo ba. Wani aikin na yi.

Shekaranjiya aka yi bikin auren 'yata ta fari. Kujerar da na keɓe wa Auta kusa da tawa, har taro ya watse babu kowa a kanta. Auta, ƙanena uwa ɗaya uba ɗaya, wanda na goya a wuyana, na koya masa riƙon alƙalami. Abin da ya iya aiko mini shi ne saƙon waya mai kalma shida: “Yaya, ba zan samu zuwa ba.” Dangi suna tambaya, ni ina ta murmushin da ya fi kuka ciwo.

Tun daga azahar har ƙarfe biyar na zauna a teburina na amsa masa. Baiti talatin da uku, ƙafiya ɗaya daga farko har ƙarshe. Ba zan kwafe su a nan ba. Ta imel na aika, domin garin da yake aiki tafiyar yini guda ce, kuma shi mutum ne da kan ƙi ɗaga waya amma ba ya barin imel ta kwana. Allo ya ce “an aika”. Na ji sanyi a raina.

Talata, 4 ga wata, ƙarfe ɗaya na rana

Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani.

Injiniya ce ta gano ɓarawon, ko dai ƙofar da ya bi. Da sunana ya shiga, da kalmar sirrina. Ta juyo da allon gabana, ta ce, “Kalmar sirrinka ta ofis ita ce ka sa a dandalin nan na masu rubuta waƙa? Kai da ke tara mu duk wata kana mana wa'azi a kan haka?” Ashe an fasa dandalin tun watan jiya, an kwashi sirrin kowa. Yinin da na ɓata ina neman ƙafiya, shi yana ta cika layi. Wasiƙu dubu arba'in da ɗaya da 'yan kai, duka da sunana.

Manaja ya kira ni. Ya ce, “Malam, ba tuhumarka nake yi ba, amma ka san idon mutane.” Ya karɓi makullina da katina, aka rufe mini shiga saba, in huta a gida har mai bincike ta zo daga hedikwata. Ma'aikata za su koma aika wasiƙunsu ta wata hanyar haya. Tsohuwar saba kuwa babu mai taɓa layinta.

A matakala ta biyu ina saukowa na tsaya cak. Wasiƙata! Allo ya ce an aika ne domin saba ta karɓa, amma daga saba zuwa waje akwai katanga, kuma ni na gina ta da hannuna tun safiyar jiya. Baitocina suna can a tsaye cikin 'yan damfara. Kibiyar da na ɓata yini ina wasawa ta maƙale a jikin baka. Haushi biyu a rana ɗaya.

Laraba, 5 ga wata, ƙarfe goma na safe

A gida. Uwargida ta ajiye mini tire a cinya, ta ce tun da babu na'urar kiwo, ga shinkafa in tsince.

Juma'a, 7 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Matar Auta ta kira.

Ta faɗi sunan asibitin. Ta faɗi ranar: jajibirin bikin. Awa shida Auta yana ɗakin tiyata, ita kaɗai a benci. Ya sa ta rantse ba za ta gaya wa kowa ba sai an kai amarya ɗakinta an huta, wai kada a ce saboda shi Yaya ya ɗage bikin 'yarsa. Kalma shidan nan a kan gadon da ake turawa ya rubuta su.

Likita ya hana baƙi sai bayan mako biyu. Ya ce kada a kusanto masa da duk abin da zai sa zuciyarsa ta buga da ƙarfi. Na tambaye ta me yake yi yini guda. Ta ce, “Yaya, ka san halin ƙanenka. Waya na hannunsa, yana ta buɗe imel, wai ko ka rubuto.”

Na ajiye wayar.

Juma'a, ƙarfe shida na yamma

Wani hanin ga Allah baiwa ne.

Asabar, 8 ga wata, ƙarfe tara na safe

An ce magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa. Tawa ta fita daga bakina, amma ba ta fita daga gida ba. Ina tunani a kan jerin alherin da aka yi mini ba da sanina ba. Da ɓarawo bai shigo ba, da ban rufe ƙofa ba. Da ban yi sakaci da kalmar sirri ba, da ɓarawo bai shigo ba. Har wautata aka mayar mini garkuwa. Wa ya taɓa jin mutum yana gode wa ɓarawonsa? To, ga shi a rubuce.

Katangar da na gina don ɓarawo,
Ni ta kama, ni ne mai yawo.

Na gaya wa Uwargida komai. Ta tsaya da ludayi a hannu.

Ta ce, “Baiti nawa?”

Na faɗa mata.

Ta ce, “Kai dai in ka yi fushi sai ka zama kamar famfon da ya lalace. Ka sa sunan Inna a ciki?”

Inna mahaifiyarmu ce, Allah Ya jiƙanta. Na dubi ƙasa. Ta ce, “Innalillahi,” ta koma kicin. Baiti na ashirin da tara. Ba zan ƙara cewa komai a kansa ba.

Litinin, 10 ga wata, ƙarfe biyu na rana

Mai Bincike ta iso. Gajeruwar mace ce mai tabarau a kan hanci, ba ta dariya kuma ba ta ɗaga murya. Ta yi mini tambayoyi na awa guda a ɗakin taro. Ta ce duk abin da ke layi da sunana shaida ne, babu mai goge ko harafi. In ta gama tantancewa, na damfara su tafi shara, na gaskiya a buɗe musu ƙofa su fita.

Na gaskiya su fita. A cikin dubu arba'in da ɗaya, guda ɗaya tak ce ta gaskiya.

Sau biyu na buɗe baki in roƙe ta. Amma mutumin da ake bincike a kansa ya ce a goge masa wasiƙa ɗaya, me sunan wannan? Sai na yi lissafi a zuci. Wa'adin da na sa kwana talatin ne. In bincike ya kai biyu ga watan gobe, saba da kanta za ta dawo mini da abina, ba tare da kowa ya ji ba. Da ban tsawaita ba, da tun shekaranjiya ta dawo. Kirkina ne ya ɗaure ni, wautata ta cece ni. Yanzu ni ne wanda ake tuhuma na farko a duniya da ke addu'ar shari'arsa ta daɗe.

Laraba, 12 ga wata, ƙarfe takwas na safe

Ƙofa a rufe take. Alhamdu lillahi.

Alhamis, 13 ga wata, ƙarfe biyar na yamma

Kullum ina kiran matar Auta. An cire masa robar hanci. Ya taka daga gado zuwa taga. Ta ce, “Ga shi nan, in ba shi?” Na ce a'a, kada a gajiyar da shi. Da wace murya zan gaishe shi, alhali waccan muryar tana tsaye a layi tana jiran a buɗe mata?

Uwargida ta ce, “Ka iya yi wa ruwan sama baiti hamsin, ka kasa ce wa ƙanenka sannu.”

Ƙofa a rufe take.

Asabar, 15 ga wata, ƙarfe uku na rana

Bari in rubuta abin da ya faru yau.

An tafka ruwa da iska tun asuba. Wajen ƙarfe goma ina shan shayi na ga saƙon Injiniya a zauren ma'aikata na waya: wuta ta ɗauke a ofis, janareta ya ƙi tashi, batir ya ƙare, na'urori duka sun mutu, yanzu aka tashe su.

Kofin ya suɓuce.

Duk ɗan sana'ar nan ya san dokar da aka kafa a katanga, in ba a adana ta ba, rubutu ce a kan yashi. Na'ura na mutuwa ta tashi, dokar ta shafe, ƙofa ta koma a buɗe. Ni kuwa ban adana ba. Ban taɓa adana abin da na kira wucin gadi ba, domin a raina kullum gobe zan cire shi. Na hango layin nan ya ɓalle kamar garken da aka buɗe wa shinge, na hango Auta a kan gado, waya ta yi ƙara a hannunsa, ya ga sunana, ya yi murmushi, ya buɗe.

Sau bakwai na kira Injiniya, ba ta shiga ba, domin ɗakin na'urori ba ya kama waya. Na fita cikin yayyafi. Sai a mota na lura da abin da ke ƙafata. Maigadi ya bar ni na hau iyakar matakala, ya je ya kira ta.

Ta dube ni sama da ƙasa. “Lafiya, Malam Baiti? Takalmin wanka a ofis?”

Na ce, “Dokar. Ban adana ta ba.”

Ta ce, “Na sani.”

Na ce, “Nawa suka fita?”

Ta ce, “Ko ƙuda bai fita ba. Tun ranar Talatar da aka karɓi makullinka na adana ta. Shekara tara ina bin bayanka ina adana wucin gadinka. Wanda ka sa wa firinta ma bana ya shekara huɗu, ya isa shiga makaranta.”

Na zauna a kan matakala, rigata na ɗiga. Ta ce, “Wasiƙun damfara ne suka sa dattijo hawaye, ko da wani abu?” Ta tafi ta kawo mini shayi a kofinta, ta ɗauko rigar sanyina daga ƙusa ta miƙa mini, ba ta sake tambaya ba.

Na ce mata zan yi mata waƙar da jikokinta za su haddace.

Ta ce, “Don Allah rufa mini asiri. Ka dai riƙa adanawa.”

Lahadi, 16 ga wata, ƙarfe bakwai na safe

Na yi wa wata waƙa, na yi wa tsuntsu, na yi wa itacen da ke bakin ofis. Shekara tara wani yana rufe ƙofar da na bari a buɗe, ban taɓa waiwayawa ba. Nawa ne irinta a rayuwata? Uwargida ta ce in ina son lissafi, in fara da mai dafa mini abinci.

Talata, 18 ga wata, ƙarfe goma sha biyu na rana

Saura kwana goma sha biyar wa'adi ya cika. An ce Mai Bincike ba ta ko fita cin abinci. Allah Ya sa mata son hutu.

Laraba, 19 ga wata, ƙarfe huɗu na yamma

Ta gama. Gobe ƙarfe goma.

Alhamis, 20 ga wata, ƙarfe uku na rana

Ta ajiye takarda a tsakaninmu. Ta ce wasiƙu dubu arba'in da ɗaya da ɗari biyu da biyar daga wata na'ura ta nesa aka turo su, babu hannuna. Laifina sakaci ne, za a ba ni takardar gargaɗi. Sannan ta ɗora yatsa a kan layi na ƙarshe.

“Saura ɗaya. Daga teburinka ta fito, ranar Litinin, ƙarfe biyar da minti goma. In ka ce ba kai ba ne, ta bi sauran zuwa shara. Sai dai zan rubuta cewa wani ya zauna a kujerarka, in tambayi wa ke da makullin ɗakin bayan kai.”

Mutum biyu ne ke da makullin ɗakin nan, ni da Injiniya.

Kalma huɗu kawai, “ba ni ba ne”, da Auta ya tsira, da ni ma na tsira da mutuncina. Sai na tuna kofin shayin nan a matakala. Na ce, “Ni na rubuta ta. Da hannuna, da hankalina, in har ana kiran wannan hankali.”

Ta ce, “Na sani. Ban taɓa ganin ɗan damfara mai kiyaye ƙafiya ba.”

Na ce, “Ranki ya daɗe, wanda aka rubuta wa yana kwance a asibiti.”

Ta cire tabarau ta goge shi a hankali. Ta ce ƙa'ida ita ce wasiƙar gaskiya ta fita, sai fa in mai ita ya amsa tasa ce, ya kuma janye ta a rubuce. Ta jawo wata takarda daga ƙarƙashin fayil. An riga an cike ta da sunana da lambar wasiƙar. Wuri ɗaya ya rage, na dalili. Na gyara zama na ɗaga alƙalami.

Ta ce, “Layi ɗaya ne, Malam.”

Na rubuta: nadama.

Tana tattara takardunta ta ce, ba tare da ta dube ni ba, “Aikina ne in karanta. Ni ma ina da ƙane. Na ashirin da taran nan…” Ba ta ƙarasa ba. Na gode mata da ba ta ƙarasa ba.

Kwana goma ina ɓoye wa baiwar Allah abin da, da na faɗa tun ranar farko, layi ɗaya ne maganinsa.

Juma'a, 21 ga wata, ƙarfe goma na safe

An mayar mini da makulli. A gabana aka goge wasiƙar, Injiniya ta kawar da kai kamar tana neman wani abu a durowa. Sannan na cire layi ukun nan ɗaya bayan ɗaya, na mayar da wa'adi kwana biyar. Ta yi gyaran murya. Na adana.

Wasiƙar farko da ta bi ta ƙofar tawa ce: “Auta, ina tafe jibi.” Ba ƙafiya, ba karin magana. Ban taɓa shan wuyar rubutu irin wannan ba.

Lahadi, 23 ga wata, ƙarfe biyar na yamma, a barandar gidan Auta

An sallamo shi. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo kamar lokacin da yake yaro. Yana rungume da matashin kai a ƙirji saboda ɗinki. Na ce sannu, ya ce yauwa. Matarsa ta ajiye ruwa ta fita.

Can ya ce, “Yaya, ka san me na gaya mata? Na ce Yaya ya girma. Mako uku ina buɗe imel ina jiran zambo. Na san halinka, na ce ko baiti goma sai na sha. Da na ji shiru, sai na ce wallahi yayana ya fi ni haƙuri, ya yi mini uzuri tun bai san dalili ba. Abin nan ya ƙara mini lafiya fiye da allura.”

Yabo ne mai daɗi, kuma ga shi an miƙo mini a faranti. Amma ba nawa ba ne. Na katanga ne, da Injiniya, da mace mai tabarau, har da ɓarawo.

Na ce, “Na rubuta, Auta. Na aika ma. Tarewa aka yi.”

Na ba shi labari tun daga hakin saba har takalmin wanka. Ina magana ina kallon fuskarsa, ina tuna gargaɗin likita. Sai na ga kafaɗunsa na rawa. Ya danne matashin a ƙirji yana cewa, “Wayyo ɗinkina! Yaya, bari, za ka kashe ni!” Matarsa ta shigo a guje, ta tarar dariya ce.

Da ya sami numfashi ya ce, “Baiti nawa?”

Na ce, “Talatin da uku.”

Ya ce, “A kan kalma shida? Ai ka yi mini rangwame.” Ya share ido. Sannan ya kama hannuna, ya riƙe, irin riƙon da yake mini in za mu tsallaka titi. Ya ce, “Karanto mini ko ɗaya, in ji ko hannunka bai mutu ba.”

Duka talatin da ukun suna kaina, har da wancan.

Na ce masa na manta. Ita ce ƙarya ta farko da na yi a watan nan, kuma ina roƙon Allah, Wanda Ya tsare mini ƙofa kwana goma sha takwas, Ya mayar da ita gaskiya kafin shekara ta zagayo.